Gardamar da Kawu Ya Bari a Gindin Gawo

Baba Soja ne ya fara isowa bayan an dawo daga maƙabarta, kuma bai yi sallama ba. Ya tsaya a bakin zaure, ya dogara da sandarsa, ya ƙura wa tabarmar Kawu ido, ya ce, "Ya gudu ke nan. Shekara nawa ina tambayarsa abu ɗaya, ya tafi bai ba ni amsa ba." Shi da Kawu taubasai ne, tun suna yara suke tsokanar juna, saboda haka ba wanda ya ga laifin maganar. Sai da ya zauna muka lura gemunsa yana rawa.

Liman yana jan addu'a muna shafawa, amma duk fatiha sai ya ɗaga kai ya dubi hanyar rijiya. Ba shi kaɗai ba. Can sai ga Ardo, shugaban makiyayan da fari ya koro daga arewa suka sauka a bayan ƙauyenmu, shi da mutanensa. Suka jingine sandunansu a waje kamar yadda Kawu ya koya musu, suka zauna a gefe guda. Ardo ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya rage murya ya ce, "Allah ya jiƙan mai rijiya. To, gobe wa zai tsaya mana?" Babban ɗan Kawu, wanda tambayar ta fi shafa, ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da tsinke.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni ne kuma malamin lakwal, wato makarantar boko ta ƙauyen. Ina rubuta wannan saura kwana biyu a yi sadakar arba'in, don kada a manta da shi, kuma in faɗi gaskiya, don tsoro ya hana ni zama haka nan. Ƙauyenmu yana tsakanin Dungas da Guci. Bayan damina biyu da suka ƙi, rijiya ɗaya ta rage mana mai ruwa. Ita mutane ke sha, ita shanunmu ke sha, ita shanun baƙi ke sha, kuma kullum ruwanta ƙara nisa yake. Idan aka zubar da jini a bakinta, kowa ya san abin da zai biyo baya. Jandarmomi za su zo daga Magariya su kwashe mazan gari da na baƙi, a bar mata da tsofaffi da dabbobin da ba mai shayar da su. Mutum ɗaya ne ke tsakaninmu da wannan ranar, kuma shi muka binne.

Kawu ba shi da sarauta. Manomi ne mai 'yan shanu, gajere, mai tafiya a hankali kamar yana gudun taka wani abu. Ubansa ne ya gina rijiyar, shi ya sa maganarta ta zama tasa. Kowace safiya bayan asuba yakan zura igiya har ta taɓa ƙasa, ya jawo, ya auna inda ta jiƙe da kamun hannunsa. Ba ya gaya wa kowa abin da ya samu. In ka matsa masa sai ya ce, "Tana nan da ranta." Yana maganarta kamar tsohuwar saniyar da ya gada, wadda ya san halinta ya kuma san tarinta.

Dokokinsa ba su da yawa. Ba a zuwa bakin rijiya da sanda ko wuƙa. Kuma ba wanda ke shayar da nasa. Ɗan gari ne zai ja guga ya cika komi shanun baƙi su sha, baƙo kuma ya ja wa na ɗan gari. Da farko an yi ta gunaguni. Babban ɗansa da kansa ya ce, "Baba, in ja wa shanun wani ruwa nawa suna kallo?" Kawu ya ce, "In ka rage masa guga ɗaya, yana kallo, kuma shi zai ja maka. Ka ga ba sai na tsaya ƙirga ba." Mafi wuya ita ce dokar hutu. Da rana ta take, ruwa ya zama laka, sai ya ce a naɗe igiya, ba za a ƙara zura guga ba sai an yi la'asar, don ruwa ya sake taruwa. Wanda bai gani ba ba zai gane waɗannan sa'o'in ba. Shanun da ba su samu ba suna kuka, masu su suna tsaye ba aikin yi, kowa yana duban wanda nasa suka sha.

A daidai wannan lokacin ake gardamar. Ni ma a lokacin nake tashin 'yan yaran da suka rage a lakwal, sai in zarce gindin gawon da ke ɗan nesa da rijiya. Tambayar ɗaya ce kullum: a duk duniya, tun da aka fara yaƙi, wane ne sarkin yaƙin da ya fi kowa? Tun farko Liman ya ce a cire sahabbai, waɗannan ba a sa su a ma'auni, kowa ya yarda. Shi Liman nasa gwanin wani sarkin ƙasarmu ne na dā, wanda aka ce ya sa maƙeransa sun ƙera masa igwa. Baba Soja, wanda Faransawa suka ɗauka yana saurayi, nasa wani janar ne da ya ratsa hamada da su a yaƙin Turawa. Ardo, da ya saba da mu, ya kawo nasa, wani kakansu da ya ƙwato garke daga hannun mahara da mutum kaɗan. Ni kuwa ina da littafi. Tsohon littafin tarihi ne da na zo da shi daga makarantar malamai, bangonsa ya tafi, kuma gwanina yana ciki: gajeren sarkin Faransawan nan da ya ci rabin ƙasar Turai.

Kawu ne ke buɗe wa. Zai miƙe ƙafa ya ce, "Ɗan lakwal, jiya ina muka bar gajerenka?" In fara, in kawo yadda ya raba rundunarsa biyu ya zagaye abokan gaba, ina zana wa a ƙasa da yatsa. Sai ya bari na yi nisa, sannan ya ce, "Dawakinsa nawa?" In ce dubbai. "A ina suka sha ruwa?" In ce littafi bai faɗa ba. Ya girgiza kai ya ce, "To mai littafin bai je ba." A yi dariya, samarin da ke tsaye a bakin rijiya su fara matsowa ɗaya bayan ɗaya don su ji yadda ake kayar da malamin lakwal. Ranar da na ba da labarin yadda sanyi da ƙanƙara suka cinye rundunar gwanina a hanyar komawa gida, Kawu ya ce, "Ƙasa duk ruwa, mutane suka mutu a kai. Allah mai iko." Ardo ya daɗe yana tambayata ko da gaske ruwa yana kwanciya a ƙasa har wata uku ba mai ɗiba.

Haka yake yi wa kowa. Liman ya kawo igwa, Kawu ya tambaya wa ya ɗauke ta a rairayi, jaki ko mutum. Baba Soja ya buga ƙirji ya ce, "Ni na gan shi da idona, janar ɗin nan bai taɓa ja da baya ba," Kawu ya ce, "Ai kai a baya kake, taubashi, da tukunyar girki a ka. Ta ina ka ga gabansa?" Baba Soja ya tashi zai kwaɓe riga ya nuna tabon harsashi, a rirriƙe shi. Idan an juyo kan Kawu aka ce ya faɗi nasa gwanin, sai ya dubi inuwa ya ce, "La'asar ta yi. Gobe in Allah ya kai mu."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yau yana bayana, gobe yana bayan Liman, jibi ya ce ai kakan Ardo ya fi su duka. Ni mutum ne mai son a gama magana. A lakwal haka na saba, tambaya tana da amsa, a rubuta a ja layi. Wata rana na yi shiri sosai, na kawo yaƙin da ba mai iya musunsa, har Baba Soja ya fara sanyi. Kawu, wanda jiya ya rantse gajeren nan ba shi da na biyu, ya juya ya ce, "Ni dai na fi ganin janar ɗin taubashina." Raina ya ɓaci. A gaban mutane, a gaban baƙi, na ce, "Kawu, kai ba ka da tsayayyar magana." Ɗan ƙanwa bai isa ya faɗa wa kawunsa haka ba, na kuma sani tun kafin in rufe baki. Kawu ya kakkaɓe rigarsa ya tafi kwance igiya.

Kwana uku ban je gindin gawo ba, kunya da taurin kai suka haɗu suka zaunar da ni. A rana ta uku aka yi cacar baki a bakin rijiya, wani saurayin gari ya ture wani baƙo ya faɗa cikin komi, da ƙyar aka raba. Na ji labari, ban haɗa shi da komai ba. Washegari da hantsi ina cikin aji sai na ga inuwa a ƙofa. Kawu ne, riƙe da 'yar ƙwarya. Nono ne a ciki, ɗan kaɗan, a shekarar da saniya ke ba da abin da bai cika ludayi uku ba. Ya ce, "Innarka ta ce in kawo maka." Na durƙusa zan ba da haƙuri, ya ɗaga ni. Ya ce, "Bar wannan. Gindin gawo ba daɗi in ba ka nan. Ka zo yau, ka zo da littafin." Na ɗauka tsufa ne da son hira. Har na yi alfahari a raina cewa babba ya tako ya zo biko.

Akwai kuma ranar da rediyon Baba Soja ta ce sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Liman ya tsorata, ya ce a bar maganar janar-janar ɗin nan, ba a san kunnen wa za ta faɗa ba. Ni ma na ga gaskiyarsa, ni da nake ma'aikacin gwamnati. Kawu ya ƙi. Ya ce, "Namu duk sun mutu, Liman. Matattu ba sa aiko jandarma." Ban taɓa ganin ya dage a kan abu kamar ranar ba, har na ji haushin yadda tsoho zai sa mu cikin haɗari saboda hira.

Ciwonsa bai daɗe ba. Zazzaɓi ne da ƙirji, kwana huɗu. Har a rana ta biyu sai da ya sa aka ɗora shi a jaki aka kai shi gindin gawo, ya zauna yana tari yana tsokanar Baba Soja. Ya cika da safe, aka kai shi kafin azahar.

Kwana ukun zaman makoki an yi su lafiya, don kunyar mamaci ta riƙe mutane. Ranar sadakar uku da yamma na shiga gaida Inna, matarsa. Tana zaune a ɗaki cikin takaba, ta rame. Na yi mata gaisuwa, na kuma ce, don in sa ta murmushi, "Inna, ke ko ya taɓa gaya miki gwaninsa? Baba Soja ya ce ba zai yafe ba."

Ta dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya girma bai yi wayo ba. Ta ce, "Ɗana, kawunka me ya sani a yaƙi? Ko rago aka yanka kauda kai yake. Sunayen nan naku ma mantawa yake, sai ya dawo ya ce da ni, wane ne ma na Liman?"

Na ce, "To me yake nema a ciki?"

Ta ce, "La'asar yake nema." Ta gyara mayafinta. "Kullum ya dawo ba ya iya cin abinci sai ya ɗan kwanta. Ya ce yau ma Allah ya fid da mu. Ya ce muddin suna faɗa a kan matattu, ba za su tuna da na kusa da su ba. Ranar da ka yi fushi kwana uku ɗin nan, bai ci ba bai sha ba. Ya ce yaron nan shi ne itacen wutar, in ya kusa cinye gardamar dole in koma bayan wani, in ba haka ba gobe me za a yi?"

Na fito ban ga hanya sosai ba. Shekara biyu ina ƙoƙarin kashe gardamar da tsohon nan yake ta hura wa wuta da sauran numfashinsa, na kuma ce masa ba shi da tsayayyar magana. Mutumin da na ɗauka ba ya tsoron komai ashe kullum a tsorace yake. Na ji kunya, amma tsoron ya fi kunyar yawa, don washegari ita ce rana ta huɗu.

Da rana ta take na tashi yara na nufi rijiya da littafina a hammata. Tun daga nesa na ga abin da nake gudu. Babban ɗan Kawu ya naɗe igiya kamar yadda ubansa ke yi, amma yana tsaye a kanta, kuma da sanda a hannunsa. Shanun Ardo ba su samu ba. Samarin baƙi sun koma sun ɗauko nasu sandunan. Wani yana cewa rijiyar gado ce, wani yana cewa ruwa na Allah ne. Gindin gawo ba kowa sai Baba Soja da Liman, sun yi tsuru-tsuru.

Na je na zauna inda Kawu ke zama. Na ɗaga murya yadda na bakin rijiya za su ji, na ce, "Baba Soja, na yi tunani kwana ukun nan. Gajeren Bafaranshen nan ba komai ba ne. Mutumin da ya kai jama'arsa cikin ƙanƙara ya gudo ya bar su, ko garken awaki ba zan ba shi ba. Kakan Ardo ya fi shi."

Baba Soja ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Shekara biyu yana zagin gwanin nan nawa, ba sunan da bai kira shi ba. Sai na ga ya dafa sanda ya miƙe, ya daka mini tsawa: "Ƙarya kake, ɗan lakwal! Wa ya isa ya taɓa gajeren nan ina raye? Ni na taka ƙasarsa, kai a takarda ka gan shi." A nan na gane shi ma ya sani, tun tuni ya sani, ni kaɗai ne mai littafin da bai je ba.

Wani saurayi ya ce, "Ku ji, malam ya tuba, Soja ya koma Bafaranshe." Biyu suka matso, sannan huɗu. Ardo ya zo ya jingine sandarsa a jikin gawo da ƙarfi yadda mutanensa za su gani, ya ce tunda yau an gane kakansa, zai ba da labarin tun daga farko. Babban ɗan Kawu ne ya zo a ƙarshe. Bai zauna ba, bai kuma ajiye sandar ba, amma ya bar bakin rijiya. Da la'asar shi ya ja wa shanun Ardo.

Tun ranar kullum ni ke buɗewa. Ba ni da bakin Kawu, tsokanata ba ta sa dariya kamar tasa, wani lokaci ina kallon samari suna hamma suna waiwayen rijiya sai zufa ta karyo mini. Babban ɗansa ne ke auna igiya da safe yanzu, shi ma ba ya faɗar abin da ya samu, amma ina ganin fuskarsa. Hadari ya taso sau biyu daga gabas ya watse.

Littafina ya ƙare kwana shida da suka wuce. Na karanta musu shi har shafin ƙarshe, na koma na tsinci abin da na tsallake. Shekaranjiya, da na ga wurin ya fara watsewa tun inuwa ba ta karkata ba, na buɗe shi a tsakiya na ƙirƙiro yaƙin da ba a taɓa yi ba, da kogi, da gada, da dawaki. Ni da nake dukan yara a kan ƙarya. Liman ya san littafin ya ƙare, don a gabansa na rufe shi. Ya dube ni, ya dubi rijiya, sannan ya ce, "Kogin nan, malam, a ina ya ce dawakin suka tsallaka?"

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sanyaya makwancinka, ya shayar da kai daga tafkin da ba a naɗe igiyarsa. Ka yafe mini abin da na faɗa maka a gaban baƙi. Gobe ma rana za ta take, kuma har yanzu ban san abin da zan gaya musu ba.